Ram Ɗin Da Ban Sata Ba

Istifanus ya mai da ni ɓarawo a gaban mutum goma sha ɗaya, da rana tsaka, a sashen koyar da kwamfuta na jami'a, kuma ya san ƙarya yake yi. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta rabi ya ce tsohon yana kewaye-kewaye. Sunana Bitrus, gyaran kwamfuta ne sana'ata. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya. Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da sukudireba a kan biro.

Ku yaran yanzu da ke kafa ɗan tebur a bakin titin Samaru, kun kalli bidiyo biyu a waya kun rubuta injiniya a allo, da ku nake. Kuna ganin aikin nan kwance kusa ne da ɗaure kusa. To kwance kusa ko biri ya iya. Abin da ba a nuna maku a bidiyo shi ne mai kayan. Inji ba ya ƙarya, in ya mutu ya mutu. Mutumin da ya rungumo shi ya kawo maka, shi ne abin tsoro.

A Sabon Gari na koyi aiki, wajen wani Oga Okafor mai gyaran rediyo da talabijin. Shekara shida na yi a ƙarƙashinsa. Shekarar farko ko ƙarfen narka dalma bai bari na taɓa ba. Aikina in zauna a ƙasa in warware matattun rediyo, in rarraba ƙananan kayan cikinsu a gwangwanayen madara, kowane iri da gwangwaninsa. In na saka ɗaya a inda ba nasa ba, sai ya juye gwangwanayen duka a ƙasa ya ce a sake. A lokacin na ɗauka mugunta ce. Daga baya na ga ko ido a rufe aka miƙo mani abu, yatsana ya san ko mene ne.

Wata rana wani direba ya dawo da rediyon da muka gyara, yana ihu wai mun cire mashi sifika mai kyau mun sa tsohuwa. Oga Okafor ya miƙa hannu ya karɓa. Ya juya rediyon ya nuna mashi kusoshin baya, kowace da ɗigon jan farce irin na mata, ya bushe ya haɗe kan kusar da jikin rediyon. Ya ce, "A gabanka na rufe, a gabanka na ɗiga. Ka ga wanda ya fashe?" Direban ya duba, ya sosa ƙeya, ya ɗauki kayansa. Da ya fita Oga ya ce mani, da Hausarsa ta Sabon Gari, "Bitrus, mai rediyo bai san abin da ke cikin rediyonsa ba, amma ya tabbata ka cire. Buɗe a gabansa, rufe a gabansa, sa ja." Tun daga ranar ban taɓa fita aiki babu kwalbar jan farce a aljihuna ba. Matata har ta gaji da tambaya.

Da kwamfutoci 'yan gwanjo suka fara shigowa daga Legas, Oga Okafor ya ce shi ya tsufa da koyon sabon ciwon kai. Ni kuwa na samu wata matacciya a ofishin majami'armu, an jefar da ita bayan kabad tana tara gizo-gizo. Wata uku ina kwance ta ina mayarwa. Ranar da ta yi ƙara ta kawo rubutu, na san na bar rediyo. A farkon shekarun dubu biyu, daidai lokacin da wayar hannu ta shigo mutane na hawa tudu neman sabis, na kama shago a Samaru, tsallaken titi da jami'a.

Kayan aikina ba su da yawa. Sukudireba uku, mita ta gwada wuta, ƙarfen narka dalma, burushin haƙori na goge ƙura, famfon keke na hura ta, da wani tsohon akwatin ƙarfe cike da gawarwakin kwamfuta da nake cirar kaya a jikinsu. Sai kunne. Kunne ya fi mita. Ina jin kukan fanka in gaya maka ko injin na aiki da gaske ko zaune yake kawai. Ina jin had-dis, wato rumbun da kwamfuta ke ajiye komai, in san ko saura mashi wata guda ko kwana biyu.

Yawancin masu kawo mani aiki 'yan digiri na biyu ne, mastas suke ce mashi. Mutane ne manya, wasu da iyali, wasu ma malamai ne a jami'ar. Za su cika maka allo da lissafin da ko a mafarki ban gani ba, amma ka ce su buɗe kwamfutar su nuna maka ram, sai su tsaya suna kallonta kamar an buɗe cikin saniya. Kuma kowannensu magana ɗaya yake zuwa da ita: "Jiya lafiya lau na kashe ta." Ban taɓa samun wanda ya ce shi ya jona ta kai tsaye ba sitabilaiza, wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone ta ba. Wani ya rantse mani ba abin da ya taɓa tasa, na buɗe na sami shayi ya bushe a kan allon ciki, tururuwa sun yi gari. Wani kuma kundinsa gaba ɗaya a fulofi shida yake, ƙananan faifan ajiya na lokacin, ya ɗaure su da roba ya ajiye a kan sifikar rediyo, maganaɗisu ya share huɗu, ya zo yana tambayata wane ne ya yi mashi asiri a ajinsu. Sai masu kwaso bairos daga shagon intanet su zuba wa kwamfutarsu, in na wanke su koma washegari su sake kwasowa, su dawo su ce aikina bai yi ba.

Aikin da na fi tunawa na wata Malama Hadiza ne, saura mako biyu ta miƙa kundinta rumbunta ya daina tashi. Na sa a kunne na ji yana ƙas, ƙas, kamar agogon bango. Na ce mata, "Malama, kada ki sake kunna shi, duk kunnawa ɗaya yana cin wani shafi." Na naɗe shi a leda uku, na kai firizar wata mai sayar da ƙanƙara a bayan layinmu, ya yi awa biyar a tsakanin ƙullin zoɓo. Na ɗauko shi da gudu na jona, ya tashi. Minti ashirin ya ba ni kafin ya ɗumama ya mutu gaba ɗaya, a cikinsu na kwashe babi biyar da duk jadawalinta. Tana tsaye a kaina tana salati, ni ina kiran sunan Yesu a zuci, rumbun na zufa a kan tebur. Irin wannan ne ya sa sunana ya zaga sashen. Har kwamfutocin ɗakin gwajinsu, in sun gagari ma'aikacinsu, a ɓoye yake aiko mani.

Abu na biyu da ya jawo mani su shi ne wuta. A lokacin in an ba Samaru awa huɗu a jere, sai ka ji mutane na tambayar ko wani babba ne zai zo. Masu bincike kuwa akwai waɗanda furogiram ɗinsu ke bukatar kwana biyu ko uku yana lissafi ba a kashe ba, in wuta ta ɗauke a koma farko. Sai na sayi batirin tirela biyu a Sabon Gari, na naɗa inbata da hannuna, mai juya wutar batir ta zama irin ta gida, na haɗa da ƙaramin janareta. A shagona kwamfuta na iya mako ba ta ƙifta ba.

Wannan ne ya kawo Istifanus. Ba baƙo ba ne. Majami'armu ɗaya, shi ke karanta sanarwa ran Lahadi saboda Turancinsa, matarsa Rifkatu kuma suna zumuntar mata tare da matata. Ƙaramin malami ne a sashen, yana mastas, kuma an gaya mashi in bai gama a shekarar ba aikinsa na rawa. Bincikensa furogiram ne da zai tsara jadawalin jarrabawa na jami'a gaba ɗaya, kowane ɗalibi da ɗakinsa da lokacinsa, ba wanda jarrabawa biyu za su haɗe mashi. Ya kawo kwamfutarsa a bayan acaɓa. Na buɗe a gabansa kamar yadda na saba. Ramin ram biyu ne a ciki, ɗaya da ram, ɗaya fanko, yadda 'yan gwanjo suka saba zuwa. Ram wani ɗan siririn allo ne kamar matsefin kai, shi ke ba inji wurin yin tunani. Na nuna mashi, na rufe, na ɗiga ja.

Mako biyu injin nan na nishi a kusurwar shagona. Fanka na kuka, jikinsa zafi kamar kaskon ƙosai, amsa ba ta fito ba. Kullum da yamma Istifanus zai zo ya zauna gabansa ya dafe kai.

"Baba Bitrus, ba yadda za a ƙara mata ƙarfi?"

Na ce, "Akwai ram ɗina a akwati, mu gwada."

Na fasa jan a gabansa, na sa nawa a ramin da ke fanko, muka ba ta kwana huɗu. Ba abin da ya sake. Na ce mashi, "Malam, ciwon nan ba a ƙarfe yake ba, a rubutunka yake." Bai ji daɗi ba. Na cire ram ɗina, shi yana zaune yana kallo, na rufe na sake ɗiga ja. Mu biyu ne kawai a shagon.

Ana saura kwana uku difens, wato ranar da ɗalibi ke tsayawa gaban malamai ya kare bincikensa, sai ya zo da fara'a. Ya sa wani fulofi, ya yi 'yan danne-danne, ya ce in zo in gani. Ya danna wuri ɗaya, kafin in ƙifta ido jadawali ya cika allo, layi-layi, tsaf. Ni kuwa kunnena na kan injin. Fanka ba ta ƙara kuka ba, ɗan jan fitilar rumbu sau ɗaya ya ƙifta. Abin da ya gagare ta mako uku, yanzu ko tari ba ta yi ba.

Na ce, "Malam, ita ta yi wannan ko nuna mata aka yi?"

Ya yi dariya. "Baba Bitrus, kai dai riƙe sukudirebarka. Hanyar lissafin na canza."

Na koma kan aikina. Ban yi mastas ba. Amma na san bambancin jakin da ya ɗauko kaya da wanda ya dawo fanko.

Al'adar difens a lokacin, ɗalibi da kwamfutarsa yake zuwa, da katon monita da komai, don a ga furogiram ɗin na aiki ido da ido. Kuma da mai gyaransa yake zuwa, saboda wuta. Ni na naɗe monitar da bargo na rungume ta a bayan acaɓa, na dawo na ɗauki janareta. Na jona komai a ɗakin, na gwada, na ja waya ta taga, na zauna a benci a baranda kusa da janareta. Rifkatu ta zo da kula biyu na dafa-duka da kaji da lemo na malamai, don haka ake yi, ta ce, "Baba Bitrus, naka na nan, in an fito." Ta koma can ƙarƙashin bishiya da ƙawayenta.

Gilasan tagar a buɗe suke, ina jin komai, kuma Turancina ya kai in gane. Akwai Dakta mai duba aikin Istifanus, akwai shugaban sashe da sauran malamai, sai baƙuwar farfesa da aka ɗauko daga wata jami'a ta kudu, wata 'yar tsohuwa mai tabarau a kan hanci. Istifanus ya yi bayani kamar ruwa. Ya danna, jadawali ya fito, har wani ya tafa. Sai farfesar ta ce, to, a ɗauka babban ɗakin jarrabawa rufinsa ya yaye, a cire shi daga lissafin a sake dannawa ta gani.

Daga baranda na ji fankar ta ɗauki kukan da na sani. Minti biyar. Minti goma. Allo bai kawo komai ba. Wani ya yi gyaran murya. A minti na ashirin Istifanus ya ce, cikin muryar karanta sanarwa, shi ma abin ya ba shi mamaki, kwamfutar nan ba haka take ba, ram biyu ke cikinta da ya saye ta, amma ta yi mako uku a shagon mai gyara.

Aka leƙo aka ce in shigo.

Na shiga da man janareta a hannu. Shugaban sashe ya ce in buɗe. Na ce kafin in buɗe kowa ya matso ya duba kusoshin, ga ja nan bai fashe ba, a gaban mai ita na ɗiga. Na faɗi haka da ƙarfin zuciya, don shekara da shekaru jan nan bai taɓa ba ni kunya ba. Sai Daktan ya ce da Hausa, a hankali, "Wa ke ajiye kwalbar?"

Na ce, "Ni."

"Tana ina yanzu?"

Tana aljihuna. Na fito da ita, don ban iya ɓoye-ɓoye ba. Wani malami ya yi dariya ta hanci. A nan na gane abin da Oga Okafor bai gaya mani ba: jan farce shaida ne ga wanda yake son gaskiya. Direba ya yarda da shi don rediyonsa kawai yake so. Waɗannan kuwa mafita suke nema.

Na buɗe. Ga rami ɗaya fanko yana kallon kowa.

Daktan ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka taɓa cire ram daga cikin kwamfutar nan, ko ba ka taɓa ba?"

"Na cire, amma nawa ne, aro na—"

"Ka cire ke nan."

Na juya na kalli Istifanus. Na ce, "Malam, gaya masu. Kana zaune na sa, kana zaune na cire." Yana kallon takardunsa ya ce shi bai tuna da wani aro ba, kuma ba ya son ya zargi kowa, balle ni da nake ɗan'uwansa a majami'a. Wannan kalmar ta ɗan'uwa ita ta ƙarasa ni, don ta sa ya fito mai tausayi.

Farfesar ba ta jin Hausa, amma ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta kalli Istifanus. Ina zaton ta gane. Sai dai mota na jiranta. Ta ce a ba shi wata uku ya dawo ya nuna aikin a kan kowace kwamfuta. Kowa ya numfasa. Daktan bai ji kunyar ɗalibinsa ba, sashe bai ji kunyar baƙuwa ba, Istifanus bai faɗi ba. An sami wanda zai ɗauki kayan, ga shi ma da bargo ya zo. Suka buɗe kula. Ni na naɗe wayata na ɗauki janareta na fita, ba wanda ya tuna da nawa kason, ni ma ban tsaya ba.

Ba a rubuta takarda a kaina ba, ba a kira ɗan sanda ba. Da an kira ma da ya fi, don a gaban alƙali ana tambaya ta biyu. Magana ce kawai ta bi iska. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya daina aiko mani. Waɗanda kwamfutocinsu ke kan batirina suka zo ɗaya bayan ɗaya suka kwashe, kowa da uzurinsa. Wani da na taɓa ceto mashi babi uku ya tsaya a kaina ya ce in buɗe ya ƙirga kayan cikinta kafin ya tafi, alhali bai san sunan ko ɗaya ba. Na je Sabon Gari sayen kaya, mai shagon da na yi shekaru ina ciniki da shi ya ce, "Oga Bitrus, how market? An ce yanzu kai ma kana sayar da ram." Ya yi dariya wai wasa ne. Amma ya matsar da kwalin da ke kusa da hannuna.

Na kai maganar gaban dattawan majami'a. Aka zaunar da mu a ofishin fasto bayan sujada. Istifanus ya ce shi bai taɓa furta kalmar sata ba, ko sau ɗaya, a tambayi kowa. Kuma gaskiya ne, bai furta ba, ya dai gina mata ɗaki ya buɗe ƙofa. Wani dattijo ya ce, "Bitrus, kai ne babba. Sau nawa aka ce mu yafe?" Na ce, "Baba, a nuna mani abin da zan yafe tukuna, tunda ya ce bai yi komai ba." Aka ce taurin kai gare ni. Aka sa muka yi musafaha aka yi addu'a. Ran Lahadi da ta biyo baya, Istifanus ne ya karanta sanarwa.

Ya koma bayan wata ukun ya ci. Na ji an ce ya rage aikin, maimakon jami'a duka ya tsara wa sashe ɗaya, abin da ko magatakarda zai yi da fensir. Ba ruwana. Ana cikin haka malamai suka tafi dogon yajin aiki, Samaru ta zama kufai, ɗan abin da ya rage mani ya ƙafe. Na sayar da batiran, na saki shagon, na koma Dogarawa na kafa tebur a zauren gidan da nake haya. Mutumin da ke ceto kundin mastas ya koma gyaran dutsen guga da fanka da tocila. Shekarar nan 'yata ta fari ta zauna a gida zango biyu. Na kuma daina zuwa waccan majami'ar.

A hankali aiki ya dawo, amma ba daga jami'a ba. Masu shagunan buga takardu na Sabon Gari da Unguwar Gabas su suka riƙe ni. Na sami rumfa a can. Dokata ta canza: ba na buɗe injin kowa sai da mutum na uku a tsaye, ko mai shayi ne ko mai faci. Ba na ba kowa aron ko kusa ɗaya. Kwamfuta ba ta kwana a wurina. Wanda ya ce mani shi ɗan'uwa ne, sai in ƙara kiran shaida na biyu. Ku da kuke karɓar wayar mutum ku jefa a aljihu ku ce ya dawo gobe, ranarku na zuwa.

Bayan shekara shida, wata Talata da hantsi, mota ta tsaya gaban rumfata. Istifanus ya fito, ya yi ƙiba, da laftof a hammata. Rifkatu na zaune a gaban motar, ta ɗago mani hannu ta gilashi. Ya gaishe ni har da rusunawa. Ya ce digiri na uku yake gamawa, aikin shekara biyar na cikin laftof ɗin nan, filashin da ya kwafa a ciki ya ɓace, rumbun kuma ya daina tashi. Ya je Kaduna, ya je Kano, an ce mashi mutum ɗaya ne a Zariya ke ta da irin wannan.

Na ce ya kunna. Ya kunna. Ƙas, ƙas, ƙas. Na ce ya kashe.

"Zai yiwu, Baba Bitrus?"

"Wataƙila."

Ya ja benci ya zauna, ya rage murya. "Na san akwai magana tsakaninmu. Ni da kai mun san abin da ya faru. Furogiram ɗin bai gama ba, da hannu na tsara jadawalin. Da na faɗi a ranar, aikina ya tafi, ga yara. Tsoro ne. Ka yafe mani."

Shekara shida ina jiran kalmomin nan, da suka zo kuma sai na ga ko mai shayin da ke gefe bai ji su ba.

Na ce, "A gaban mutum goma sha ɗaya ka ɗora mani. Ba zan ce ka tara su ba, wasu sun yi ritaya. Ga matarka can. Kira ta, ka maimaita abin da ka faɗa yanzu, da irin muryar da kake karanta sanarwa. In ka yi, in ɗauko leda mu nufi firiza."

Ya waiwaya ya kalli motar. Rifkatu ta yi mashi alama da hannu, wai yaya. Ya juyo.

"Haba Baba Bitrus. Tsohuwar magana ce, wa ke tunawa? Ita ba ta san komai a kai ba. Ko nawa ne aikin zan biya."

Na tura mashi laftof ɗin har ya taɓa cikinsa. Na ce:

"Ta san wani abu. Ta san Bitrus ɓarawo ne, shekara shida ke nan, kuma ka fi son ta ci gaba da sani. To ji, Malam Istifanus. Kada ka sake kunna shi, duk kunnawa ɗaya yana cin wani shafi. Wannan na ba ka kyauta, don injin bai yi mani laifi ba. Amma hannuna ba zai taɓa shi ba. In na ta da shi, za ka tsaya ran Lahadi ka ce Ubangiji ya yi maka abin al'ajabi. In ya mutu a hannuna, ka riga ka san sunan da za ka kira, ka taɓa gwadawa ya yi maka aiki. Ɗauki kayanka. Ka duba da kyau kafin ka tashi, ka tabbata komai na ciki."